Tsintsiya da Baƙar Riga: Gadon da Ba a Lissafa Bashinsa Ba

A cikin watan Yuni na shekarar 2010, a birnin Dunidin da ke kudancin ƙasar Niyu Zilan, ƙungiyar All Blacks ta lallasa ta ƙasar Wels a wasan rugbi, wanda wasu ke kira zari-ruga. Bayan ƴan kallo sun watse, ƴan jarida sun tattara komatsansu, sai biyu daga cikin manyan ƴan wasan suka ɗauki tsintsiya suka share ɗakin sauya tufafi, suka tara laka da guntayen bandeji wuri guda. Da wannan hoto ne James Kerr ya buɗe littafinsa mai suna Legacy, wato Gado, wanda ya fito a shekarar 2013, aka fassara shi zuwa harsuna da dama, har da Faransanci. Tun daga lokacin tsintsiyar nan ta zagaya duniya: shugabannin kamfanoni, hafsoshin soja da masu horar da ƴan wasa duk sun riƙe ta a matsayin alamar shugabanci nagari. Littafin da ya samu irin wannan karɓuwa ya cancanci a zauna a auna shi, a ga abin da ya faɗa daidai, a kuma ga abin da ya tsallake.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ana yin sa ne da mutum goma sha biyar a kowane ɓangare, da ƙwallo mai siffar ƙwai. Ba a jefa wa abokin wasa ƙwallo da hannu ta gaba, sai ta baya ko ta gefe, saboda haka duk wanda ya ruga da ita tilas ne ya dogara ga waɗanda ke biye da shi. A wasu lokuta kuma ƙarti takwas kan sarƙe kafaɗu su yi turereniya da takwas na abokan karawa, kuma in mutum ɗaya ya saki, duka jerin ya rushe. Wasa ne da ba ya yafe wa mai son kai. Niyu Zilan kuwa, ƙasa mai mutane kimanin miliyan 5, ta ci wajen kashi uku cikin huɗu na wasanninta na ƙasa da ƙasa a cikin fiye da shekara ɗari. Tambayar da Kerr ya ɗora littafinsa a kai ita ce: ina sirrin yake?

Abin da littafin ya zo da shi

Kerr ya yi ƴan makonni tare da ƙungiyar a 2010, ya kuma tsara littafinsa babi goma sha biyar, daidai da yawan ƴan wasa a fili, kowane babi da darasinsa. Ƙashin bayan labarin shi ne abin da ya faru a watan Agusta na 2004, sa'ad da Afirka ta Kudu ta doke All Blacks da ci 40 da 26 a Johanasbag, ƴan wasan kuma suka kwana suna shan giya har wasu suka fita hayyacinsu. Sabon mai horarwa, Graham Henry, da mataimakansa Steve Hansen da Wayne Smith, tare da Gilbert Enoka mai kula da lafiyar tunanin ƴan wasa da tsohon gwarzo Brian Lochore, suka yanke shawarar cewa cutar ba a ƙafa ko a hannu take ba, a ɗabi'a take. Suka soma zaɓen ɗan wasa bisa halinsa kafin gwanintarsa, suka kafa majalisar manyan ƴan wasa, suka miƙa mata ragamar ladabtarwa.

A nan littafin yana da ƙarfi, kuma bai kamata a rage masa ba. Darasin tsintsiya darasi ne na gaskiya. Hausawa na cewa babba juji ne, wato wanda ke ɗaukar sharar kowa. Kerr ya ƙara wani abu a kan wannan: babba shi ne wanda ba ya barin wani ya kwashe tasa sharar. Shugaban da ya saba a share masa ɗaki, a buɗe masa ƙofa, a ɗaukar masa jaka, ba ya daɗewa sai ya soma tsammanin a ɗaukar masa laifinsa ma. Tsintsiya a hannun gwarzo riga-kafi ce ga wannan cuta.

Na biyu, yadda ƙungiyar ta raba iko abin lura ne. A farkon mako masu horarwa ke jan ragama, amma yayin da ranar wasa ke matsowa sai su riƙa ja da baya, ƴan wasa su karɓi shiri da shawara, domin in an shiga fili babu mai horarwar da zai bi su. Hikimar a bayyane take: wanda ba a taɓa bari ya yanke shawara ranar Alhamis ba, ba zai iya yanke ta ranar Asabar ba, lokacin da mutum dubu hamsin ke ihu a kansa. Haka nan babin da ya yi magana kan matsi yana da amfani a aikace. Da taimakon wani likitan ƙwaƙwalwa, Ceri Evans, an koya wa ƴan wasa su gane sa'ad da kansu ya ɗauki zafi, su kuma riƙe wata ƴar dabara ta komowa cikin natsuwa: Richie McCaw yakan buga ƙafa a ƙasa, Brad Thorn yakan watsa wa kansa ruwa, Kieran Read yakan kai dubansa can nesa a cikin filin.

Na uku, kuma shi ne zuciyar littafin, batun riga. A wurin All Blacks baƙar riga aro ce. Kowane ɗan wasa yana da lambarsa a jerin waɗanda suka taɓa sa ta. McCaw, wanda ya buga wasa 148 kafin ya ajiye a 2015, shi ne na 1014. Akan ba sabon shiga wani ɗan ƙaramin littafi mai ɗauke da hotunan rigunan magabata tun daga ta 1905, sauran shafuffukan kuma farare, an bar masa ya cika. Kerr ya danganta wannan da abin da Ma'ori, ƴan asalin ƙasar (kada mai karatu ya gama su da Mawri na Dogon Dutsi), ke kira whakapapa, wato salsala: mutum mahaɗi ne guda a cikin doguwar sarƙa, rana tana haska shi na ɗan lokaci ta wuce kan wani. Wanda ya taso inda ake cewa kyan ɗa ya gaji ubansa ba zai sha wuyar fahimtar wannan ba.

Inda gizo ke saƙa

To amma fa, littafin ya ɗauki alkawarin da ya fi wannan girma. Yana so mai karatu ya yarda cewa ɗabi'a ce ta haifi nasara, har in wani kamfani ko wata ma'aikata ta kwaikwayi darussan goma sha biyar, ita ma za ta ga haske. Tarihin ƙungiyar kansa bai goyi bayan wannan ba. All Blacks sun daɗe suna cin duniya kafin a ɗauki tsintsiya. Tawagar 1905, ƙarƙashin Dave Gallaher, ta buga wasa 35 a rangadinta, sau ɗaya tak aka ci ta, a Kadif. Sun ɗauki kofin duniya na farko a 1987, a zamanin da shaye-shayen da Henry ya yaƙa ke cin karensu babu babbaka. Bayan gyaran 2004 da shekara uku kuma, a 2007, suka yi faɗuwar da ba su taɓa yin irinta ba a gasar: Faransa ta fitar da su tun a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe, da ci 20 da 18, a daren da Thierry Dusautoir, haifaffen Abijan, ya yi ta kayar da su kamar ba ya gajiya.

Kerr bai ɓoye wannan faɗuwa ba, amma ya mai da ita tsani zuwa nasarar 2011. Sai dai mai karatu ya dubi yadda nasarar ta zo. An tashi 8 da 7 a Oklan, Faransa ce dai abokiyar karawa. Wanda ya buga bugun da ya raba gardama, Stephen Donald, shi ne na huɗu a jerin masu riƙe da matsayinsa, yana can bakin kogi yana kamun kifi aka kira shi bayan biyu sun ji rauni. A rabi na biyu kuma Faransa ta samu bugun da, da ya shiga, da ita ce a gaba. Da iska ta kaɗa ƙwallon François Trinh-Duc ta wata fuska, da tsintsiyar nan tana nan yadda take, amma da wuya a samu mai buga littafi a kanta. Marubucin da ya fara daga sakamako ya koma baya yana neman dalili, duk abin da ya tarar a gidan mai nasara sai ya zama sirri, ko da maƙwabcin da bai ci ba yana yin irinsa.

Shekarun da suka biyo bayan littafin sun ƙara fito da wannan. Gaskiya ne an yi zamanin da ƙungiyar ta gagari kowa: ta ci wasanninta 14 duka a 2013, ta sake ɗaukar kofi a 2015, ta jera nasara 18 kafin Ailan ta tare ta a Shikago a 2016. Amma Ingila ta fitar da ita a 2019 da ci 19 da 7. Ailan ta zo har gida ta ci ta sau biyu a 2022. Afirka ta Kudu ta karɓe kofin 2023 a Faris da ci 12 da 11, ta kuma yi mata 43 da 10 a Welintin a 2025, kaye mafi muni a tarihinta. Babu wanda ya ce an daina shara a cikin waɗannan shekaru. Abin da ya sauya shi ne McCaw da Dan Carter da tsaransu sun tsufa sun tafi, abokan karawa kuma sun yi karatu.

Akwai kuma dalilan da ba su da daɗin faɗa a ɗakin taro, shi ya sa littafin bai daɗe a kansu ba. Yaro a Niyu Zilan yana riƙe ƙwallon nan tun yana ƙarami, makarantu suna gasa mai zafi a kanta. Tun da wasan ya zama sana'a a 1995, hukumar ƙasa ce ke riƙe da kwantaragin manyan ƴan wasa, kuma ƙa'idarta ita ce wanda ya tafi neman kuɗi a waje ya haƙura da baƙar riga. Ga kuma ƴaƴan baƙin da suka zo daga tsibiran Samowa da Tonga da Fiji, irin su Jonah Lomu da Tana Umaga. Daɗin daɗawa, bayan faɗuwar 2007 hukumar ta yi abin da ba a saba ba: ta bar Henry a kan aikinsa, alhali jama'a na neman a kore shi. Wannan haƙuri na waɗanda ke sama darasi ne da ya fi tsintsiya tsada, domin ba a koyon sa a taron kwana biyu.

Ta fuskar rubutu ma, littafin yana da rauni. Jimlolinsa gajeru ne, masu saurin shiga kunne, amma maimaici ya yi yawa, kuma kowane babi sai ya yi tsalle daga filin wasa zuwa ga Steve Jobs ko sojojin ruwan Amurka, kamar mai wa'azin da ba ya so ya bar kowa a baya. Karin maganar Ma'ori da ya ƙawata babobin da su sun zama kamar ado a wuyan riga: ana ganin kyansu, ba a jin nauyin mutanen da suka haife su.

Bashin da ke cikin gado

Nan ne babbar matsalar take. Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya san ƙa'ida: ba a raba ko allura sai an yi wa mamaci sutura, an biya bashin da ake bin sa, an zartar da wasiyyarsa. Magajin da ya lissafa gonaki da shanu ya manta da masu bin bashi, bai gama lissafi ba. Littafin da ya sa wa kansa suna Gado ya lissafa dukiyar baƙar riga tsaf, amma a cikin darussansa goma sha biyar babu ko ɗaya da aka gina a kan bashinta.

Bashin kuwa ba ƙarami ba ne. A 1928 da 1949 da 1960, hukumar rugbi ta Niyu Zilan ta tura tawaga Afirka ta Kudu ba tare da ɗan Ma'ori ko ɗaya ba, don kada ta ɓata wa masu mulkin wariyar launin fata rai. George Nepia, wanda ake sa shi cikin gwanayen da ƙasar ta taɓa haifa, a gida aka bar shi a 1928. A 1970 da aka yarda ƴan Ma'ori da ƴan tsibirai su je, sai da aka ba su matsayin farar fata na aro. Wato mutanen da aka ari rawarsu ta haka, aka ari kalmarsu ta salsala, su ne aka cire daga cikin sarƙar duk sa'ad da kasuwa ta nemi haka. Sai a 2010, shekarar da Kerr ya ga ana shara, hukumar ta nemi gafararsu. Ita kanta rawar Ka Mate, wadda sarkin yaƙi Te Rauparaha na ƙabilar Ngati Toa ya tsara wajen 1820, sai a 2014 aka yi dokar da ta tilasta a ambaci mai ita.

Wani ɓangare na bashin ya faɗo a kan Afirka, har da ƙasar Nijar. Ranar 16 ga Yuni 1976 aka buɗe wa ɗalibai wuta a Soweto. Ƴan kwanaki bayan haka All Blacks suka sauka a Afirka ta Kudu don rangadi, gwamnatin Robert Muldoon kuma ta ƙi hana su. Ƙasashen Afirka suka nemi a kori Niyu Zilan daga wasannin Olimfik na Montireyal. Da aka ƙi, fiye da ƙasa ashirin suka janye, cikinsu akwai Nijar da Najeriya da Gana da Kamaru da Cadi da Sudan. Nijar, wadda ɗan dambenta Issaka Daboré ya kawo mata lambar tagulla daga Munik a 1972, ba ta shiga fage ba a 1976. Wasu ƴan wasan Afirka har sun isa Kanada aka ce su ɗaure kaya. Filbert Bayi na Tanzaniya, mai riƙe da bajintar duniya a gudun mita 1500, bai yi gudu ba. Zinariyar ta tafi hannun John Walker, ɗan Niyu Zilan. Samarin da suka yi shekara huɗu suna shiri suka rasa ranarsu, wadda ga da yawansu ba ta sake dawowa ba. Wannan ma yana cikin abin da baƙar riga ta bari a duniya, kuma mai karatu na Maraɗi ko Damagaram yana da haƙƙin ya tambayi inda aka rubuta shi.

Abin takaici shi ne, a cikin wannan tarihi mai ɗaci ne mafi kyawun darasin shugabanci yake kwance. A 1981, sa'ad da tawagar Afirka ta Kudu ta zo Niyu Zilan, ƙasar ta rabu biyu: masu zanga-zanga suka mamaye fili a Hamiltan har aka soke wasa, a Oklan kuma wani ƙaramin jirgin sama ya riƙa sako ƙullin garin fulawa a kan ƴan wasa. Madugun ƙungiyar a lokacin, Graham Mourie, manomi daga yankin Taranaki, ya ce shi ba zai buga ba. Ya ajiye rigar da kowane yaro a ƙasar ke mafarkin sa wa, ya sha zargi daga masoya wasan. A 1986 ma, da mafi yawan manyan ƴan wasa suka sulale zuwa Afirka ta Kudu ba da izini ba, David Kirk da John Kirwan suka ƙi bi. Kirk ɗin ne ya ɗaga kofin duniya a shekarar da ta biyo. Littafin Kerr yana koyar da yadda mutum zai narke cikin ƙungiya, ya zama tsinke a cikin tsintsiya mai maɗauri ɗaya. Bai koyar da ranar da ya wajaba tsinke ya zare kansa ba, domin maɗaurin ya ruɓe. Ƙungiyar da ke korar mai girman kai tana iya korar mai gaskiya da wannan sanda ɗin, in ba ta iya bambance su ba.

Akwai kuma bashin da ake bin wasan a jikin ƴaƴansa. Babin sadaukarwa yana yabon wanda ya ba da kome saboda riga, kuma an yi ta jinjina wa McCaw da ya buga gasar 2011 da karyayyen ƙashi a ƙafa. Amma a 2021 Carl Hayman, tsohon ɗan wasan ƙungiyar, ya bayyana cewa likitoci sun same shi da cutar mantuwa yana ɗan shekara 41, bayan shekarun da ya yi yana gwara kai a fili. Riga tana wucewa hannun na baya sabuwa fil. Jikin da ya sa ta shi ke komawa gida da tabo. Kuma rigar da ake cewa amana ce ta magabata, tun 2012 take ɗauke da tambarin kamfanin waje a ƙirji, a 2022 kuma wani kamfanin zuba jari na Amurka, Silver Lake, ya sayi kaso a harkokin kasuwancinta da dalar Niyu Zilan miliyan 200. Labarin tawali'u shi ma haja ne, kuma littafin Kerr, ko ya nufa ko bai nufa ba, yana cikin masu tallar ta.

Duk da haka, kuskure ne a jefar da littafin. Mai riƙe da makaranta, ko ƙungiyar manoma, ko ofishi, zai amfana da shi in ya karanta shi a matsayin bayanin yadda wasu mutane suka gyara gidansu a cikin shekara goma, da sharaɗin kada ya ɗauke shi laya. Darussansa uku suna tsaye da ƙafarsu ko an ci ko ba a ci ba: babba ya kwashe shararsa, a ba na ƙasa iko kafin ranar gwaji, a riƙe muƙami riƙon aro. Abin da mai karatu zai ƙara da kansa shi ne babi na goma sha shida, wanda Nepia da Mourie da samarin Montireyal suka rubuta ba da alƙalami ba. A cikinsa ne ake gane cewa magajin kirki ba ya tsayawa ga share ɗakin da ya gada. Yakan buɗe akwatin magabata, ya ɗauko takardar bashi, ya tambayi masu ita nawa ya rage.